Rajistar aikin daidaita Wi-Fi a kwamfutar cinya mai tsarin Debian

Asabar, 3 ga Fabrairu, 2024

Na cire faifan SSD daga tsohuwar kwamfutata wadda allonta ya mutu, na mayar da shi cikin wata kwamfutar cinya da aka taɓa amfani da ita, domin in ci gaba da aiki da Debian 12, wani nau'in tsarin Linux, da ke kan faifan ba tare da na sake girka komai daga tushe ba. Tsarin ya tashi lafiya, allo da madannai da sauti duk suna aiki, sai dai babu ko alamar Wi-Fi. Umarnin ip link bai nuna komai ba sai lo, wato hanyar da kwamfuta ke magana da kanta, kuma wannan kwamfutar ba ta da ramin kebul na intanet, don haka a halin yanzu a yanke take gaba ɗaya.

Kafin in taɓa wani abu na so in san wane katin Wi-Fi ne a ciki, tunda sunan da ke jikin murfin kwamfuta ba ya gaya wa mutum wannan, kuma samfuri ɗaya kan fito da katuna daban-daban. Umarnin lspci -nnk ya nuna katin RTL8723BE na Realtek, mai lambar shaida 10ec:b723, ya kuma nuna cewa direbansa (manhajar da ke tuƙa katin), rtl8723be, yana nan cikin kanel 6.1 da nake amfani da shi, wato zuciyar tsarin da ke magana da na'urorin kwamfuta. Wannan ya kwantar mini da hankali, domin yana nufin ba zan je neman direba a wajen kanel ba. Na duba rfkill list saboda kada ya zamana maɓallin kashe rediyo ne ya toshe katin, amma ko katin Wi-Fi ɗin bai bayyana a jerin ba.

Amsar tana cikin abin da kanel ya rubuta lokacin tashi. Da na karanta journalctl -k -b sai na tarar da layin da ke cewa an kasa ɗauko rtlwifi/rtl8723befw_36.bin, da lambar kuskure -2, wadda ma'anarta babu fayil ɗin. Direba ya ga katin, ya nemi manhajar ciki (firmware) da zai ɗora masa, wato ɗan shirin da ke gudana a cikin katin kansa, bai same ta ba, sai ya janye. Dalilin rashinta ma a fili yake: tsohuwar kwamfutar tana da katin Atheros mai aiki da direban ath9k, wanda ba ya buƙatar a ɗora masa wata manhajar ciki, don haka wannan faifan bai taɓa samun dalilin ɗaukar irin waɗannan fayiloli ba.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Matsalar yau ita ce fayil ɗin da ake buƙata don samun intanet sai da intanet ake sauko da shi. Na haɗa wayar hannu da kwamfutar ta kebul na USB, na kunna raba data ta USB a wayar, nan take wata sabuwar hanya ta fito a ip link, NetworkManager kuma, wato manhajar da ke kula da haɗin intanet, ya karɓi adireshi ba tare da na rubuta komai ba. Wannan hanyar ba ta buƙatar ƙarin manhajar ciki, shi ya sa take ceton mutum a irin wannan hali.

Na yi apt update, na nemi kunshin firmware-realtek, aka ce babu shi. Da na buɗe /etc/apt/sources.list, fayil ɗin da ke jero inda ake ɗauko manhajoji, sai na ga kalmar main kaɗai, wato sashen manhajoji masu buɗaɗɗen tushe, a ƙarshen kowane layi. Wannan tsarin tun daga Debian 11 aka ɗaukaka shi, kuma a wancan zamani irin waɗannan kunshin suna cikin sashen non-free ne. Bayan ƙuri'ar da masu haɓaka Debian suka kaɗa a 2022, wadda ta amince a sanya manhajojin ciki marasa buɗaɗɗen tushe a faifan girkawa na hukuma, sai aka ware musu sashe na kansu mai suna non-free-firmware, wanda ya fara aiki da fitowar Debian 12 a ranar 10 ga Yuni, 2023. Wanda ya girka sabo yana samun sashen kai tsaye, wanda ya ɗaukaka daga tsoho kuwa sai ya ƙara shi da hannunsa. Ina ganin raba shi da aka yi daidai ne, domin mutum yana iya ɗaukar abin da katinsa ke buƙata kawai ba tare da ya buɗe wa sauran manhajoji marasa 'yanci ƙofa ba.

Na ƙara kalmar a bayan main a kowane layi, na sabunta jerin, na girka kunshin. Maimakon sake kunna kwamfutar, na sauke direban da modprobe -r rtl8723be, na sake ɗora shi, sai ga wlp2s0, wato sunan da tsarin ya ba katin Wi-Fi ɗin, a jerin hanyoyi. Bluetooth ma ya samu nasa fayil ɗin daga wannan kunshin, tunda guntu ɗaya ne ke ɗauke da su biyun. Na haɗu da rauta, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi a gida, shafuka suna buɗewa. Abin da aikin yau ya ci bai wuce ɗan datar da jerin kunshin ya sha ba.

Talata, 6 ga Fabrairu

Haɗin yana nan, amma sigina ba ta da ƙarfi, kuma daga ɗaki na biyu ba a ganin rautar kwata-kwata alhali wayar hannu tana ganinta sarai. Ban canza komai ba yau, na dai ajiye shirin aunawa zuwa lokacin da zan samu natsuwa.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Sandunan sigina da ke kusurwar allo ba ma'auni ba ne da za a dogara da shi, saboda haka na koma ga iw dev wlp2s0 link, wanda ke ba da ƙarfin sigina da dBm, ma'aunin da lambar da ta fi kusa da sifili ita ce sigina mafi ƙarfi. Na ajiye kwamfutar a kan teburi ɗaya da rautar, babu bango ko wani abu a tsakaninsu, lambar ta tsaya a wajen -76. A wannan kusancin abin da ake sa ran gani bai kamata ya yi ƙasa da -45 ba. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin a wannan ma'auni kowane 10 ninki goma ne na ƙarfi, ke nan giɓin 30 ninki dubu ne.

Sai dai lamba ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba, tunda rautar ma tana iya zama mai laifin. Ina da wani ɗan katin Wi-Fi na USB mai guntun AR9271, wanda direban ath9k_htc ke tuƙawa, kuma manhajar cikinsa buɗaɗɗiya ce tun 2013, tana cikin sashen main da sunan firmware-ath9k-htc. Na soka shi a kwamfutar a wuri ɗaya, ba tare da na matsar da komai ba, ya nuna -41. Da wannan rautar ta fita daga zargi, NetworkManager ma ya fita, tunda shi ne ke kula da katunan biyu. Abin da ya rage shi ne katin ciki da eriyarsa.

Na kashe kwamfutar, na kwance ƙananan kusoshin bayanta, na ɗaga murfin, na cire igiyar batir kafin in kai hannu ga komai. Katin ɗan ƙarami ne irin na M.2, kusa ɗaya ce ke riƙe da shi, kuma yana da ƙananan maɓallan eriya guda biyu masu ruwan zinariya a bakinsa. Waya ɗaya ce kawai baƙa ta gangaro daga gefen allo ta maƙale a ɗayansu, ɗayan kuwa fayau yake, babu alamar an taɓa sanya masa wani abu. Na danna kan wayar da farce na ji ta zauna daram, ke nan ba saki ta yi ba. Haka aka haɗa kwamfutar tun asali, da eriya ɗaya.

Wannan sananniyar matsala ce ga wannan katin. Yana ɗauke da wani ɗan bayani da ake rubuta masa a masana'anta wanda ke gaya wa direba wace ƙofa ce ke da eriya, kuma idan wanda ya haɗa kwamfutar ya maƙala wayar a wata ƙofa dabam da wadda bayanin ya faɗa, direba zai yi ta sauraro ta ƙofar da babu komai. 'Yar siginar da nake samu ita ce abin da ke tsallakowa ta kan allon katin. Na mayar da murfin yadda yake, domin gyaran ta manhaja ya fi sauƙi, kuma waɗannan maɓallan ba su jure yawan cirewa da mayarwa.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Umarnin modinfo -p rtl8723be yana jero zaɓuɓɓukan da direban ke karɓa, cikinsu akwai ant_sel, wanda aka ƙara musamman saboda kwamfutoci masu eriya ɗaya. Yana karɓar 1 ko 2, idan kuma aka bar shi a 0 sai direba ya bi abin da ke rubuce a katin. Ban dogara da alamar da ke jikin katin wajen zaɓen lamba ba, na gwada duka biyun a wuri ɗaya da na ranar Alhamis. Da ant_sel=1 babu abin da ya canza. Da na sauke direban na sake ɗora shi da ant_sel=2 sai lambar ta tashi zuwa -43, kuma nmcli device wifi list, wanda a da rautar gida kaɗai yake nunawa, ya cika allo da sunayen hanyoyin maƙwabta.

Zaɓin da aka bayar da hannu ba ya wuce sake kunnawa, don haka na ƙirƙiri fayil /etc/modprobe.d/rtl8723be.conf, na rubuta layi ɗaya a ciki: options rtl8723be ant_sel=2. Na kashe kwamfutar gaba ɗaya, na kunna, na karanta /sys/module/rtl8723be/parameters/ant_sel, ya nuna 2. Wannan karatun na ƙarshe yana da muhimmanci, domin kuskuren harafi ɗaya a fayil ɗin ya isa ya sa zaɓin ya tafi a banza, kuma babu wanda zai sanar da mutum a fili.

Daga ɗaki na biyu yanzu ana samun -62, abin da ya wadatar ga karatu da kiran bidiyo. Saurin haɗin da iw ke nunawa ya tsaya a 72.2 Mbit/s, wanda shi ne iyakar katin Wi-Fi na zubin 802.11n mai rafi ɗaya, wato hanyar aika data guda, a tasha mai faɗin 20 MHz. Ba zai wuce nan ba a wannan saitin, kuma ba ya jin zangon 5 GHz sam.

Litinin, 12 ga Fabrairu

An samu sabuntawar kanel, na girka, na sake kunnawa, Wi-Fi ya dawo da saitinsa. Da direban daga wajen kanel yake, da sai an sake gina shi da DKMS, manhajar da ke sake haɗa direba ga kowane sabon kanel, an kuma sa masa hannu saboda Secure Boot, tsaron da ke hana ɗora abin da ba a tantance ba, kafin ya yarda ya ɗoru.

Laraba, 14 ga Fabrairu

Sabuwar matsala ta bayyana, kuma ta fi ta farko wuyar kamawa saboda ba kullum take faruwa ba. Idan na bar kwamfutar ba na amfani da intanet na ɗan lokaci, alamar da ke kusurwar allo tana nuna haɗin yana nan, amma shafi ba ya buɗewa sai bayan jinkiri, wani lokaci ma sai haɗin ya yanke ya sake ƙulluwa. Lokacin da nake sauko da babban fayil kuwa ba ta taɓa faruwa ba. Wannan bambancin shi ne ya sa na karkata ga tsarin tsimin wuta.

Na buɗe journalctl -f a gefe, na bar kwamfutar a ajiye ina kallo. Da abin ya faru sai direban ya rubuta AP off, try to reconnect now, wpa_supplicant kuma, wato manhajar da ke ƙulla haɗi da rauta, ya biyo da CTRL-EVENT-DISCONNECTED mai ɗauke da reason=4 da locally_generated=1. Kashi na ƙarshen nan shi ne mai amfani: kwamfutar ce da kanta ta yanke haɗin, ba rautar ce ta kore ta ba. Rauta tana aika ɗan saƙon sanarwa kusan sau goma a kowace daƙiƙa, kati mai tsimin wuta kuma yana rufe rediyonsa ya riƙa farkawa daidai lokacin saƙon. Idan ya rasa su a jere, sai ya ɗauka rautar ta tafi.

Tsimin wutar nan hawa biyu ne. Akwai na sama, wanda NetworkManager ke iya kunnawa ko kashewa, akwai kuma na cikin direban, wato fwlps da ke barin manhajar cikin katin ta sa shi gyangyaɗi yana haɗe, da ips da ke kashe rediyon idan ba a haɗe yake ba. Mutane da yawa kan kashe su duka lokaci guda, abin ya yi aiki, amma ba su san wanne ne ya yi maganin ba, kuma batir ne ke biyan kuɗin sauran. Na zaɓi in bi su ɗaya bayan ɗaya. Yau na ƙara fwlps=0 kaɗai a layin da ke fayil ɗin, na bar sauran yadda suke.

Lahadi, 18 ga Fabrairu

Yankewar ta ragu sosai amma ba ta ƙare ba, kuma jinkirin da ke biyo bayan zaman shiru yana nan. Na bar ping, umarnin da ke auna lokacin da amsa ke ɗauka, yana aika wa rautar saƙo a hankali, sai na ga yawancin amsoshin suna dawowa cikin 'yan milisakan, wasu kuma suna ɗaukar ɗaruruwa. Umarnin iw dev wlp2s0 get power_save ya ce a kunne yake. Na ƙirƙiri fayil a /etc/NetworkManager/conf.d/ mai sashen connection, na sanya wifi.powersave = 2. Lambobin wannan zaɓin suna iya ruɗa mutum: 2 kashewa ne, 3 kunnawa, 1 kuma yana nufin kada NetworkManager ya sa hannu. Bayan na sake tayar da NetworkManager amsoshin ping suka daidaita.

Ban taɓa ips ba, tunda ba shi da ruwa da lokacin da ake haɗe. Abin da na biya shi ne batir, wanda yanzu yake ɗan saurin sauka idan kwamfutar na ajiye a kunne. Na yarda da wannan cinikin, domin kiran da ke yankewa a tsakiyar magana ya fi mini ciwo a kan neman caja da wuri.

Juma'a, 23 ga Fabrairu

Tun ranar Lahadi babu yankewa ko ɗaya a rajistar. Na ajiye kwafin fayilolin saitin biyu a waje guda tare da bayanin dalilin kowane layi.

Talata, 27 ga Fabrairu

Abubuwa biyu ne suka taso, ɗaya na magance shi, ɗaya kuwa ba na jin manhaja za ta iya.

Na farko shi ne barci. Idan na rufe murfin na buɗe, wani lokaci wlp2s0 yana nan a jeri amma ba ya ganin kowace hanya, sai an sauke direban an sake ɗora shi. Na fara da aspm=0, wanda ke hana direban sa hanyar PCIe, wadda ke haɗa katin da sauran kwamfutar, cikin yanayin tsimin wuta, amma abin ya sake faruwa, sai na cire zaɓin tunda bai amfana ba. Daga nan na rubuta ɗan rubutun umarni a /usr/lib/systemd/system-sleep/. Duk fayil mai izinin gudana da ke wannan wurin, systemd, wato mai tafiyar da ayyukan tsarin, yana kiransa da kalmar pre kafin barci, da kalmar post bayan farkawa. Nawa yana sauke direban a pre, ya ɗora shi a post. Wannan kewaye ne, ba gyara ba, ban kuma gano ainihin abin da ke hana katin farkawa ba, amma haɗin yana dawowa cikin 'yan daƙiƙu bayan buɗe murfi.

Na biyu shi ne cunkoson zangon 2.4 GHz. Da dare saurin yana faɗuwa ko da sigina tana da ƙarfi. Tashoshin wannan zangon tazarar 5 MHz ce a tsakaninsu, alhali kowane haɗi yana cin 20 MHz, shi ya sa 1 da 6 da 11 ne aka saba ɗauka a matsayin waɗanda ba sa hawa kan juna. Binciken iw ya nuna maƙwabta sun cika ukun. Na mayar da rautar tasha ta 11 wadda ta fi sauƙi, aka ɗan samu sassauci. Na kuma lura cewa da zarar na haɗa belun kunne na Bluetooth sai saurin ya ragu, tunda Wi-Fi da Bluetooth suna karɓa-karɓa ne a kan eriya ɗaya a zango ɗaya. Haka nan idan na soka faifan waje a ramin USB 3.0 da ke gefen katin, ping yakan fara ɓata. Wannan ma sanannen abu ne, kamfanin Intel ya fitar da takarda a kansa tun 2012, inda ya nuna cewa hayaniyar lantarkin USB 3.0 tana faɗawa cikin zangon 2.4 GHz. Na mayar da faifan ɗaya gefen.

Asabar, 2 ga Maris

Na duba iw reg get na tarar da country 00, wato saitin duniya da kanel ke amfani da shi idan ba a gaya masa ƙasa ba, wanda ke takaita wasu tashoshi. Kunshin wireless-regdb mai ɗauke da dokokin tashoshi na kowace ƙasa yana nan, don haka na sanya haruffa biyu na ƙasar da nake ta zaɓin ieee80211_regdom na cfg80211, sashen kanel da ke kula da saitin Wi-Fi. Ƙasar gaskiya na rubuta, domin dokokin tashoshi da ƙarfin watsawa an yi su ne don kada na'urori su shiga hakkin wasu.

Na kuma yanke shawarar sauya katin. Wanda ke ciki yana aiki yanzu, amma da zaɓuɓɓuka biyu na direba da fayil na NetworkManager da rubutun barci, kuma duk da haka ba zai taɓa kai ni zangon 5 GHz ba, inda rautar ke da wadataccen fili. Na tsaya a kan AX200 na Intel, mai lambar shaida 8086:2723, wanda direban iwlwifi ya san shi tun kanel 5.1. Girmansa M.2 2230 ne kamar na yanzu, kuma yana magana ta PCIe da USB na yau da kullum. Ɗan'uwansa AX201 kamanninsu ɗaya a ido, amma shi yana bin hanyar CNVio2 wadda sai da wasu na'urorin sarrafawa na Intel take aiki, don haka dole a karanta lambar da kyau kafin saye. Abin da zan saya biyu ne: katin, da wayar eriya mai kan MHF4, wanda ya fi kan U.FL na tsofaffin katuna ƙanƙanta, ba kuma sa shiga na juna. Fargabata ɗaya ita ce wasu kwamfutoci suna da jerin katunan da BIOS ɗinsu, wato shirin da ke fara tayar da kwamfuta, ke yarda da su, su ƙi tashi idan an sa wani dabam.

Laraba, 6 ga Maris

Na girka firmware-iwlwifi tun kafin katin ya iso, domin kada in sake buƙatar wayar hannu da kebul. Katin ya iso da yamma, eriyar ba ta iso ba tukuna.

Asabar, 9 ga Maris

Na cire batir, na ɗaga kan wayar eriyar daga tsohon katin da ɗan tsinken roba, a miƙe zuwa sama, domin idan aka ja shi ta gefe maɓallin yakan ɓalle daga allon katin. Na kwance kusar, katin ya ɗago da kansa a karkace, na zare shi. Sabon na sa shi a wannan karkatar, na danna, na ɗaure. Maƙala kan eriyar ne ya fi ɗaukar lokaci, saboda ƙanƙantarsa ta kai sai an daidaita shi a tsakiyar maɓallin sosai kafin a danna, idan ya zauna kuma ana jin ɗan ƙas a yatsa. Na sa shi a ƙofar da aka rubuta wa MAIN.

Kwamfutar ta tashi ba tare da BIOS ya yi ƙorafi ba. Rajistar kanel ta nuna iwlwifi ya ɗora fayil mai farawa da iwlwifi-cc-a0, sunan hanyar kuma bai canza daga wlp2s0 ba, tunda daga matsayin ramin ake samo shi. Amma haɗin bai ƙullu da kansa ba, ko da yake sunan rautar yana cikin jeri. Da na duba nmcli connection show na tsohon haɗin sai na ga filin 802-11-wireless.mac-address yana ɗauke da adireshin tsohon katin, wato an ɗaure bayanin haɗin ga na'urar da yanzu take kan teburi. Na share filin da nmcli connection modify, haɗin ya ƙullu nan take.

Daga nan na bi abubuwan da na ƙara a baya na cire su. Fayil ɗin zaɓuɓɓukan rtl8723be da rubutun barci sun tafi, haka ma fayil ɗin da ke kashe tsimin wuta, domin ina son in ga halin sabon katin a saitinsa na asali kafin in ɗora masa maganin cutar da wataƙila ba shi da ita. Yanzu iw reg get yana nuna katin da alamar self-managed, wato manhajar cikinsa ce ke tantance ƙasa da tashoshin da aka halatta. Na haɗu da zangon 5 GHz a tasha ta 36, a faɗin 80 MHz, kuma saurin da dare bai faɗi ba.

Talata, 12 ga Maris

Barci da farkawa suna tafiya daidai ba tare da rubutun ba, ping ma bai nuna jinkirin da na gani a watan jiya ba duk da tsimin wuta a kunne yake. Bluetooth ne ke da rauni, belun kunne yana yankewa da na ɗan yi nisa da kwamfutar, kuma dalilin a bayyane yake, domin a wannan katin ta ƙofar AUX yake fita, ita kuma babu eriya a kanta. Zangon 5 GHz ma ya fi na 2.4 raunana a ɗaki na biyu, tunda bango ya fi cinye shi.

Eriyar ta iso yau. Sanya ta zai buƙaci a ɓalle firam ɗin allo, a liƙa ta a saman murfin nesa da ta farko, a bi da wayar ta cikin hinji yadda buɗewa da rufewa ba za su murƙushe ta ba. Na sa aikin ranar Asabar. Kafin in buɗe zan auna sigina da sauri a kan teburin rautar da kuma ɗaki na biyu, a zangunan biyu, sannan in maimaita awon a wurare ɗaya bayan an maƙala wayar, in kuma duba ko iw ya fara nuna rafi biyu a maimakon ɗaya.